Ragon Sunan Ladi da Randar Hannatu

Ladi, ke kika tambaye ni a mota, muna dawowa daga gaisuwar rasuwar Alhaji Sani, me ya sa tsofaffin Hausawan Greensboro, nan Amurka, suke ce mini Sarkin Fawa. Na ce miki labarin da tsawo, kika ce da Turanci ai hanyar ma da tsawo, na kau da zancen kamar yadda na saba. Daga baya na ji ƙaninki Faruku yana gaya wa matarsa wai fawa na yi a Zariya kafin in zo karatu. Ban raina sana'ar kowa ba, amma ba haka aka yi ba. Mahaifina malamin zaure ne, kakana ma haka. Har na baro gida ban taɓa yanka ko kaza ba, domin ko da layya mahauci ake kira, ni kuma ina ɗaki da littafi. Sunan nan a ranar sunanki na same shi, kuma ga yadda aka yi.

A tsakiyar shekarun tamanin ina karatun kimiyyar ƙasar noma, ina neman digiri na uku. Daga ɗakin karatu sai ɗakin gwaji, sai ɗan gidan haya mai ɗaki ɗaya inda mahaifiyarku take zaune tana kallon ta taga. Shekararta ɗaya da zuwa ta samu cikinki. Da labari ya isa Zariya, kakanku Alhaji Garba ya aiko a maido masa 'yarsa ta yi wankan gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ni kuwa na san halin biza a lokacin: in ta fita, ba lalle ta sake shigowa ba, ni kuma karatuna da saura. Ban taɓa ɗaga ido na dubi surukina ba, amma ran nan a waya na ce masa a bar ta.

Ya ce, “Wa zai yi mata ruwan zafi a can? Wa zai dama mata kunun kanwa? Ragon suna fa, a kanti za ka sayo shi cikin leda?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, duk abin da za a yi mata a gida za a yi mata a nan. Na yi alkawari.”

“To, na ji. Idan ta yi arba'in zan tambaye ta da bakina. In ta ce an tauye ta, tikiti zan aiko, ita da abin da ta haifa.”

Mahaifiyarku tana zaune gefena duk ta ji. Da na ajiye waya ta ce, “Malam, ka san dai ba zan yi wa Baba ƙarya ba.”

Ruwan zafi da kunu ba su dame ni ba, saboda akwai Anti Rakiya. 'Yar zangon Kumasi ce, tana aikin jinya, tana zaune a McLeansville, wani ƙauye a gefen Greensboro, da mijinta Alhaji Sani, Bakano, injiniya a masaƙa. Gidansu da fili a baya har bakin kurmi, kuma nan ne uwar ɗakin duk wani mai jin Hausa a garin. Ita ta ɗauki jego a wuyanta. Rago ne ya rage nawa.

Aikin makaranta ya kai ni inda na same shi. Wasu iyalai da ake kira Amish sun sauko daga arewacin ƙasar sun sayi gonaki a yamma da mu, tafiyar da ta ɗan wuce awa ɗaya, aka tura ni in ɗebo samfurin ƙasarsu. Kiristoci ne masu riƙo da tsohuwar hanya. Ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa, mazansu da gemu ba gashin baki, matansu kai a rufe. Mai gonar da na fi zuwa sunansa Amos, mutum ne da zai iya wuni bai yi jimla goma ba. Nan jininmu ya haɗu. Mukan jingina da shinge muna kallon tumaki, shi shiru ni shiru, mu rabu kowa ya ji daɗin hira. A garkensa na zaɓi ragonki tun kina ciki: na buɗe bakinsa na duba haƙora, na shafa ƙaho, na duba ido da kunne, na sa shi ya yi tafiya in ga ko yana ɗingishi. Muka shirya cewa ranar suna zan zo in yanka da hannuna, Amos ya feɗe ya daddatsa, matarsa ta gasa mana a babban murhunta na itace, in ɗauko in kai McLeansville. Na ɗauka na rufe kowace ƙofa.

Matar tasa sunanta Hannah, na mai da shi Hannatu, ta kuma amsa. Duk maganar da mijinta ya tara ita take kashewa. Kukanta ɗaya ne, zafin wannan jiha. Sun saba da sanyin arewa, ga shi nan da bazara murhun itace yana mai da kicin kamar maƙera, ita kuma tana ciyar da mutum tara sau uku a rana. A rumfar kayan aikinsu na fara ganin abin da nake kira randa. Wata tukunya ce ta yumɓu, kauri kamar bangon rumbu, tsayinta ya kai ƙugu, da murfi a sama, da ƙaramar ƙofar iska a ƙasa da wata a ka. Wani maƙwabcinsu tsohon soja ne ya zo da ita daga Japan, ya ba Amos bayan ya gyara masa rufin barga. Da gawayi ake gashi a cikinta. Na tambayi Hannatu me ya sa kaji suke kwana a kanta.

Ta ce, “Sau ɗaya na gwada. Na ɗaga murfi, wuta ta yi tsalle ta lashe mini gira. Na je coci wata guda kamar dafaffen ƙwai. Ba ni ba wannan abu.”

An haife ki ranar Lahadi da hantsi, a tsakiyar zafi. Washegari na tafi gona ina ta murmushi ni kaɗai a mota, na ce wa Amos an samu mace, suna Lahadi mai zuwa. Ya riƙe hannuna ya jinjina, sannan ya saki, ya cire malfa yana juya ta.

“Ba Lahadi ba,” in ji shi.

Na ce ai kwana bakwai ne, ba ni na zaɓa ba.

“Ranar Ubangiji ba na ciniki, ba na feɗa, matata ba ta hura babbar wuta. Kuma ba a zubar da jini a gonata. Ka zo Asabar, ko Litinin.”

Ni da na duba haƙoran rago ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa tambayar mutumin nan ranar hutunsa ba, domin a kaina suna ba ya da ranar da ba a yin sa. Shi ma bai taɓa kawowa a ransa akwai bikin da ba a iya gusar da shi da kwana ɗaya ba. Na buɗe baki zan roƙe shi, sai na tuna abin da zan ce da wani ya nemi in bar Juma'a saboda shi. Na rufe bakina.

Da yamma na kai maganar McLeansville. Wani ɗalibi da yake ja mana salla ya ce ai malamai sun yi sauƙi, wanda ya rasa rana ta bakwai ya yi a ta sha huɗu, ko ta ashirin da ɗaya. Alhaji Sani ya ƙirga a yatsunsa, ya fashe da dariya har da buga cinya.

“Malam, duk Lahadi ne! Kai Zage-zagi, ko haihuwa ba ku iya zaɓar rana ba.”

Anti Rakiya ta ce, “Ei, Alhaji, ka bar yaro ya ji da abin da ke damunsa. A kawo ragon nan Asabar a ɗaure a bayan gida. Wa zai feɗe a cikinku?”

Mu shida ne maza a falon. Kowa ya sami abin kallo a silin. Ɗaya ya ce shi jinin sarauta ne, a gidansu ba a taɓa wuƙa. Wani ya ce jini yana sa shi jiri. Alhaji Sani ya ce shi injiniya ne, in rago yana da inji a kawo. Gaskiyar ita ce dukanmu mun ƙetare teku da abin da muka baro gida da shi: fawa aikin mahauta ne, ɗan mutunci ba ya yi, ko da kuwa ba mahauci a faɗin jihar. Sannan ga gashi. Abin gashin Alhaji na gas ne, ɗan ƙarami, Anti Rakiya ta ce ba za ta ba mai jego naman da yake warin kalanzir ba.

Na kwana da abin, da safe na yi abu biyu da ban taɓa zaton zan iya ba. Na fari, na shiga ofishin farfesana. A makon nan ne zai tafi da ni gabar teku ɗebo samfurin da bincikena gaba ɗaya ya dogara a kansa, kuma sau ɗaya ake tafiyar a shekara. Na ce masa ba zan je ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko jaririyar ba ta da lafiya ne. Na ce lafiyarta ƙalau, rago zan koyi feɗewa. Ya ce na san ma'anar wannan? Na ce na sani. Ya ɗauki wani ɗalibi a madadina, digirina ya ƙara shekara guda cur. Ba na so ku ji wannan daga bakin wani a matsayin sakaci. Ido buɗe na yi.

Na biyu, na koma wurin Amos na ce ya koya mini aikinsa, kuma ya ara mini randar da ke rumfa. Bai tambaye ni dalili ba. Yana da akuyar da zai yanka wa gida, ya miƙo mini wuƙa ya tsaya a bayana. Na huda fatar a wuri uku, na kusa fasa matsarmama, na yi amai a bayan barga, na dawo. Bai yi dariya ba, sai dai ya kama hannuna ya nuna mini cewa da dunƙulen hannu ake raba fata da nama, wuƙa ta huta.

Randar kuwa ba mai koya mini, domin shi ma bai san ta ba. Muka gungura ta gindin bishiya, na wanke kashin kaji, na bar ta ta bushe sarai. Abu ɗaya na sani daga karatuna, yumɓu ba ya son gaggawa: in ka ba shi zafi farat ɗaya zai tsage. Na fara da ɗan gawayi kaɗan. Na buɗe ƙofar ƙasa faɗin yatsa biyu, na zauna ina taɓa jikinta. Na rage zuwa yatsa ɗaya, na sake zama. Kwana uku ina zuwa tun safe, ba abin da nake yi sai sauraron tukunya. Na ƙone kaza ɗaya, ta biyu ta fito ɗanya a ciki. A hankali na gane cewa ba gawayi ne yake mulkin wutar ba, iska ce, kuma in randar ta ɗauki zafi takan riƙe shi wuni guda da gawayin da bai cika ƙwarya ba. Na kuma gano abin da ya ci girar Hannatu, bayan ya ci gashin hannuna. Wutar da aka rufe tana jin yunwar iska, in ka bankaɗe murfi gaba ɗaya sai ta yi tsalle. Sai ka ɗan ɗaga, ka mayar, ka ɗan ɗaga, ka mayar, kamar mai sallama a ƙofar gidan surukai, sannan ka buɗe.

Duk wannan Hannatu tana bakin ƙofar kicin, gumi na zuba, hannu a ƙugu.

“Amos, ɗalibinka yana yi wa tukunya addu'a.”

“Yana kallon ta ne,” in ji Amos.

“Kaji biyu ya kashe mini. A jami'a haka ake koya musu?”

Ranar Juma'a bayan na dawo daga masallaci ta fito da kwaɓin burodi a faranti, ta dire a gabana. Ta ce in na ƙone shi, a nan zan zauna in cinye har ɓawon. Na saka, na rufe, na daidaita ƙofa, na koma gefe na zauna. Da ƙamshi ya fara fita ta matso da kanta. Na nuna mata yadda ake sallama da murfi. Ta ja da baya, ta kare fuska da hannu, ta yi yadda na ce. Burodin ya fito ja, ya kumbura. Ta ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, ta gutsura, ta tauna tana kallon nesa. Sai ta juya ta kwala wa 'yarta kira da yarensu, ta ce a kashe murhun ciki, a fito da tukunyar wake da sauran kwaɓi. Ran nan a inuwa suka ci abincin yamma.

Da muka zo Asabar da akori-kurar da Alhaji Sani ya aro, sai ga sabuwar rigima: Hannatu ta ce ba inda za a kai randarta.

“Jiya-jiya kaji ke kwana a kanta,” in ji Amos.

“Lokacin ban san ta ba. Kai ɗalibi, Litinin da safe ina son ganin ta a nan. In ta tsage, kada ka dawo.”

Ita ta shimfiɗa tattaka a bayan motar, ta naɗe randar da tsohon bargo. Rago a gefe ɗaya, randa a ɗaya, ni a tsakiya na rungume ta har McLeansville, Alhaji Sani yana tuƙi yana leƙo kai yana tambaya wace ce amaryar a cikinsu.

Kun san a gida uban ɗan fari ɓuya yake yi ranar suna, abokansa su neme shi su rasa. Ni kuwa da aka yi addu'a aka raɗa sunanki, wanda har yau bakina bai taɓa furtawa ba, sai na cire babbar riga a gaban mutane, na naɗe hannun taguwa. Na kwantar da rago ya fuskanci alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Na rataye shi a reshe na feɗe, fata ta fita ba huda ko ɗaya. Masu digiri suka kewaye ni da hannaye a aljihu, kowa yana ba da shawara. Anti Rakiya ta kwashe abin da za ta soya, ta bar mini cinyoyi da haƙarƙari, ta miƙo mini yajin jego da ta daka da kanta. Na shafe naman, na jera a randa, na rufe.

Nan aka fara gunaguni. Ba hayaƙi, ba harshen wuta, ba ƙauri, tukunya ce kawai a zaune a tsakar fili, ni kuma a kan kujera kusa da ita.

“Malam, wutar nan ta mutu,” in ji ɗan sarautar nan.

“Buɗe mu gani mana,” in ji wani.

Alhaji Sani ya ce, “Ya birne mana rago a tulu. Rakiya, dafa shinkafa da yawa, yau gaya za mu ci.”

Ni da ba na iya musu da yaro, na ɗora hannu a kan murfin na ce ba mai taɓa shi sai ni. Azahar ta yi, muka yi salla, na dawo na zauna. Sai da rana ta karkata na tashi, na yi sallamata da murfi, na buɗe. Ƙamshin ya sa matan da ke cikin gida suka leƙo ta taga. Na kama ƙashin cinya zan juya, ya zare ya bar naman a wurin. Ban ba kowa ba. Na cika faranti da haƙarƙari, na miƙa wa Anti Rakiya ta kai ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Can ta fito da faranti wayam.

“Ta ce a ƙaro. Ta kuma ce a ɓoye mata cinya ɗaya, kada Kanawa su gani.”

Alhaji Sani ya cika baki da nama, mai yana bin gemunsa. Ya warware rawaninsa ya naɗa mini a kai, ni da taguwa duk jini, ya ɗaga hannuna sama.

“Jama'a, ku shaida! Zazzau ta ci Kano yau. Ga Sarkin Fawan Amurka!”

Litinin da safe na mayar da randa ba ko tsaga, da rabon naman suna na maƙwabta, domin ban ga wanda ya fi su cancanta ba. Kafin zafin shekarar ya wuce, matan coci sun yi ta zuwa kallon Hannatu tana gasa burodi a inuwa. Dattawansu suka zauna a kan maganar, suka ce ba su ga laifin yumɓu da gawayi ba. Surukarta ta sa aka nemo mata irinta daga wani kanti mai nisa, wata maƙwabciya ta bi baya. Hannatu ce take koya musu, kuma na ji ba ta ambaton ɗalibi sai in an zo labarin kajin da ya ƙone.

Da mahaifiyarku ta yi arba'in, Alhaji Garba ya cika maganarsa, ya kira. Na miƙa mata waya na fita waje, domin ban iya tsayawa in ji ba. Na daɗe ina zagaya motata ina goge gilashin da ba datti. Sai ga ta ta fito da mayafi, ke a goye, da ƙullin yaji a hannu.

Na ce, “Me kika ce masa?”

“Na ce masa ina sauri, zan fita yawon arba'in.”

“Yawon arba'in ai dangi ake zagawa. Wa muke da shi a nan? Gidan Anti Rakiya?”

Ta buɗe ƙofar mota ta zauna, ta gyara miki hula.

“Anti Rakiya kullum muna tare. Kai ni wurin matar nan mai randa. Da randarta aka ciyar da ni, ita kuwa ban taɓa ganin ta ba, kuma in za mu daɗe a ƙasar nan, gara yarinya ta san gidan gwaggonta tun yanzu.”